Tarihin Malam Abdullahi Ɗan Fodiyo Mai Gwandu: Rayuwarsa da Bunƙasar Fasaharsa ta Waƙa

Gabatarwa

Jihar Kebbi, wadda aka ƙirƙiro ranar 27 ga watan Agusta, 1991, tana da masarautu huɗu, wato Gwandu da Argungu da Yawuri da Zuru. Ƙananan hukumomin Jega da Aliero da Maiyama suna daga cikin waɗanda ke ƙarƙashin masarautar Gwandu, kuma ba a iya ba da tarihin waɗannan yankuna ba tare da an ambaci wanda ya kafa masarautar ba, wato Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, ƙanen Mujaddadi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah ya yarda da su baki ɗaya.

Akasarin jama'a sun san Malam Abdullahi a matsayin wazirin Shehu, kwamandan rundunar jihadi, kuma sarkin Gwandu na farko. Sai dai akwai wani ɓangare na rayuwarsa da ya riga sarauta zuwa, bai kuma rabu da shi ba har ya koma ga Mahaliccinsa, shi ne fasahar tsara waƙa. Tun yana saurayi ya fara rubuta baitoci, ya ci gaba da yi a fagen wa'azi, da fagen yaƙi, da lokacin da ransa ya ɓaci da halin jama'arsa, har zuwa shekarun tsufansa a Gwandu. Wannan maƙala za ta bi matakan da fasaharsa ta bi wajen bunƙasa, da maɓuɓɓugan da ta sha ruwa daga gare su, domin amfanin ɗalibai da sauran masu sha'awar tarihin jiharmu.

Asalinsa da Haihuwarsa

An haifi Malam Abdullahi a ƙasar Gobir wajen shekarar 1180 ta Hijira, wadda ta yi daidai da 1766 Miladiyya. Mahaifinsa shi ne Malam Muhammadu, wanda ake yi wa laƙabi da Fodiyo, kalmar da ke nufin malami a harshen Fulatanci. Mahaifiyarsa kuwa ita ce Hauwa'u, wadda ita ce ta haifi Shehu Usmanu a shekarar 1754. Ke nan uwa ɗaya uba ɗaya suke, kuma Shehu ya girme shi da kimanin shekara 12.

Zuriyarsu ta Toronkawa ce, wato Fulanin da kakanninsu suka taso daga Futa Toro ta ƙasar Senegal ta yau, suka zauna a yankin Ƙonni, daga baya gidan Fodiyo ya kafu a Degel. Gida ne na karatu ta wajen uba da ta wajen uwa, domin baffanninsa da kawunnansa da dama malamai ne masu karantarwa. Saboda haka yaron ya buɗe ido ne a inda allo da tawada da littafi suke kayan yau da kullum, inda kuma ake amfani da harsuna uku: Fulatanci a cikin gida, Hausa a hulɗa da maƙwabta, Larabci a wurin karatu da rubutu. Da waɗannan harsuna uku ya yi aiki a rayuwarsa, ko da yake mafi yawan abin da ya bari da Larabci ya rubuta shi.

Neman Ilmi: Tushen Fasaharsa

Malam Abdullahi ya sauƙaƙa wa masu tarihi aiki, domin a shekarar 1812 ya rubuta wani ɗan littafi mai suna Ida'un Nusukh, inda ya lissafa malamansa da littattafan da ya karanta a wurin kowannensu. Daga nan aka san cewa ya karanta Alƙur'ani mai girma a hannun mahaifinsa, kuma da ya kai shekara 13 sai aka danƙa shi ga wansa Shehu Usmanu.

A wurin Shehu ya karanta tauhidi daga littattafan Sanusi, da fiƙihu daga Ahalari da Ishmawi da Risala, da nahawu daga Ajurumiyya da makamantanta, da tafsirin Alƙur'ani tun daga farko har ƙarshe. Amma abin da ya fi shafar zancenmu shi ne waƙoƙin da ya fara buɗe baki da su. Na farko su ne waƙoƙin yabon Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, wato Ishiriniya ta Alfazazi, mutumin Andalus, da Witiriyya. Na biyu shi ne diwanin mawaƙa shida na zamanin Jahiliyya: Imru'ul Ƙaisi da Nabigha da Alƙama da Zuhairu da Ɗarafa da Antara.

Waɗannan maɓuɓɓuga biyu su ne suka gina shi. Daga madahu ya ɗauki shauƙi da taushin zuciya da begen Madina. Daga mawaƙan Jahiliyya kuwa ya ɗauki ƙarfin luga, da iya siffanta doki da raƙumi da hamada da fagen fama, da tsarin ƙasida mai amsa-amo ɗaya tun daga baitin farko har na ƙarshe. Malaman wancan zamani ba su karantar da waƙoƙin Jahiliyya don nishaɗi ba. Suna karantar da su ne domin ta cikinsu ake sanin ma'anonin kalmomin Alƙur'ani da Hadisi. Wannan ya sa ga Malam Abdullahi waƙa da ilmin addini ba su taɓa zama abubuwa biyu masu hannun riga ba.

Bai tsaya ga wansa kaɗai ba. Ya karanta Maƙamatul Hariri, wanda taska ce ta kalmomi da salon magana, ya kuma karanci aruli da balaga da usulul fiƙhi a wurin malamai daban-daban. Shi da Shehu sun saurari Sahihul Buhari a wurin Alhaji Muhammadu ɗan Raji wajen shekarar 1786. Haka kuma sun ɗauki ilmi a wurin shahararren malamin nan Malam Jibrilu ɗan Umaru, wanda ya yi aikin hajji sau biyu, wanda kuma zafinsa wajen yaƙi da bidi'a ya yi tasiri ƙwarai a kan 'yan'uwan biyu.

Matakin Farko: Tahmisi da Raddi

Ɗaya daga cikin ayyukansa na farko da suka iso gare mu shi ne tahmisin da ya yi wa ƙasidar Shehu ta begen Manzon Allah, wadda aka fi sani da Daliyya saboda harafin dal da baitocinta ke ƙarewa da shi. Tahmisi shi ne marubuci ya ɗauki baitin wani mai ɗango biyu, ya ƙara masa ɗango uku a gabansa ya zama ƙwar biyar, ba tare da ya karya ma'auni ko ya kauce wa ma'ana ba. Aiki ne na horo, kamar yadda ɗan koyo a maƙera yake fara bugu a kan ƙarfen da maigidansa ya riga ya sa a wuta. Fara tafiyarsa da tahmisin waƙar wansa ya nuna matsayin da ya ɗauka wa kansa tun farko, wato mai bin sawun Shehu, mai faɗaɗa abin da ya faɗa.

Tun daga wajen shekarar 1774 Shehu ya shiga yawon wa'azi, Abdullahi kuwa ya zama abokin tafiyarsa, suka shiga ƙasar Kabi, daga baya suka yi kimanin shekara 5 a ƙasar Zamfara. A cikin wannan tafiya ta Zamfara ne fasaharsa ta fuskanci jarrabawarta ta farko a bainar jama'a. Wani malami mutumin Barno, mai suna Mustafa Goni, ya aiko wa Shehu da baitoci yana sukarsa a kan barin mata suna halartar majalisin wa'azinsa, yana ganin hakan cakuɗa maza da mata ne. Shehu bai mayar da amsa da kansa ba, sai ya ɗora wa ƙanensa nauyin yin haka.

Malam Abdullahi ya mayar da raddi a kan ma'auni da amsa-amo irin na mai sukar, kamar yadda al'adar mawaƙan Larabawa ta tanada. Ya musanta cewa ana cakuɗa maza da mata a majalisin, sannan ya kafa hujja da cewa barin mata cikin jahilci, ba su san abin da Allah ya wajabta musu ba, shi ne ɓarna mafi girma, kuma shari'a ta yarda a kauce wa babbar ɓarna ko da za a jure wa ƙarama. Wannan matsayi ne ya zama ginshiƙin karantar da mata a cikin jama'ar Shehu, wanda 'yarsa Nana Asma'u ta ɗora a kansa daga baya ta hanyar tsarin 'yan taru. Daga wannan lokaci Abdullahi ya zama harshen jama'ar a duk inda ake bukatar amsa da waƙa.

Waƙa a Matsayin Saƙo da Godiya

Bayan sun koma Degel, Malam Abdullahi ya lura da wani abu da ya dame shi. Mutane daga nesa, talakawa da manya, suna ta kwararowa wurin Shehu, amma da yawa daga cikin malaman danginsu sun noƙe. Maimakon ya bi su gida-gida da gardama, sai ya tsara wata ƙasida ya sa mata suna Risalatun Nasa'ih, ya aika musu. A cikinta ya tunatar da su nauyin da ke kan mai ilmi na umurni da kyakkyawa da hani ga mummuna, ya kuma nuna musu cewa shirun malami ba tsira ba ne. Saƙon ya yi aiki. Malam Mustafa ɗan Alhaji Usmanu ya karanta ta ga jama'a, ya kuma yi mata tahmisi, wasu malaman suka bi sahu suka shiga aikin wa'azi. Wanda ya fara da yi wa waƙar wani tahmisi, ga shi yanzu ana yi wa tasa.

A wannan zango ne kuma ya tsara ƙasidarsa ta yabon Malam Jibrilu da sauran malamansa. Ya buɗe ta ne da tsayawa a kufan masoya, irin buɗewar mawaƙan Jahiliyya, sai dai masoyan nasa malamai ne, kufan kuwa makarantunsu. Wannan ita ce dabarar da ya riƙe tsawon rayuwarsa: ya ari tsohuwar ƙwarya ta Larabawa ya zuba mata abin da ya shafi ƙasarsa da zamaninsa. Haka nan ya yi wa malamansa da suka rasu marsiyya, ciki har da Malam Muhammadu Sambo, wanda ya daɗe a ƙasa mai tsarki, ya rasu a Agadas a kan hanyarsa ta dawowa gida.

Bugu da ƙari, ya fara mayar da littattafan ilmi zuwa waƙe domin sauƙaƙa wa ɗalibai hadda. Misali shi ne Miftahut Tafsir, wanda ya tsara wajen shekarar 1794 a kan ilmomin Alƙur'ani, yana dogaro da ayyukan Imam Suyuɗi na ƙasar Masar. A zamanin da takarda ke da tsada, kuma da hannu ake kwafar kowane littafi, baiti shi ne hanya mafi sauƙi ta ɗaukar ilmi a ka a tafi da shi ko'ina.

Gimbana, Hijira da Waƙoƙin Fagen Fama

Abin da ya sauya rayuwar jama'ar Shehu, ya kuma sauya jigon waƙoƙin Malam Abdullahi, ya faro ne daga ƙasar Jega ta yau. Wani babban almajirin Shehu, Malam Abdussalami, ya ƙaura da mutanensa daga ƙasar Gobir saboda matsin sarakuna, ya zauna a Gimbana. A ƙarshen shekarar 1803 rundunar Sarkin Gobir Yunfa ta auka wa Gimbana, ta kashe mutane ta kama wasu. Da aka biyo da kamammun ta kusa da Degel, sai jama'ar Shehu suka ƙwace su. Wannan ne ya kai ga hijira daga Degel zuwa Gudu a watan Fabrairu na 1804. A Gudu aka yi wa Shehu mubaya'a a matsayin Amirul Muminina, kuma Abdullahi ne ya fara miƙa hannu.

A watan Yuni na 1804 aka gwabza a Tabkin Kwatto, Malam Abdullahi ne ya jagoranci rundunar jama'a, aka kuma karya Gobirawa duk da yawan dawakinsu. Waƙoƙin da ya tsara a kan wannan nasara sun nuna sabon mataki a fasaharsa. Siffanta yaƙi da ya koya a littafi daga Antara da takwarorinsa, yanzu ya gan shi da idonsa. Ya ambaci wuraren da rundunar ta bi da sunayensu, ya siffanta gudun abokan gaba da kayan da suka watsar, sannan ya mayar da nasarar ga Allah, ba ga ƙarfin kabila ba. Nan ne ya bambanta da mawaƙan Jahiliyya da ya ari salonsu, domin su alfahari suke yi da dangi, shi kuwa godiya yake yi.

Ba kullum ake kwana a gado ba. A ƙarshen shekarar 1804 aka yi wa jama'ar mummunar ɓarna a Tsuntsuwa, kusa da Alƙalawa, inda aka rasa mutane kimanin 2,000, cikinsu har da mahaddata Alƙur'ani kusan 200. Shi kansa Malam Abdullahi yana fama da raunin kibiya a ƙafa a ranar, amma ya tashi yana ɗingishi ya tare masu gudu. A watan Afrilu na 1805 ya jagoranci rundunar da ta ci Birnin Kebbi, abin da ya buɗe wa jama'ar hanyar komawa Gwandu da zama. Ba a daɗe ba kuma aka sake yin asara mai yawa a yaƙin Alwasa, a cikin shekarar. Waɗanda suka faɗi a waɗannan wurare abokan karatunsa ne, waɗanda suka san darajar baitocinsa. Daga nan marsiyya ta fara rinjayar murna a cikin waƙoƙinsa.

Ɓacin Rai da Tafiya Kano

Tun kafin yaƙin Alwasa ya ga alamar da ta tayar masa da hankali, lokacin da wasu mayaƙa suka washe wani gari da ke da amana da jama'ar, duk da hanin da shi da Muhammadu Bello suka yi. A shekara ta huɗu bayan hijira, wajen 1807, abin ya kai masa iyaka. Ana cikin tafiya yaƙi zuwa Alƙalawa sai ya sulale daga rundunar tare da mutum 5, ya fuskanci gabas da niyyar tafiya ƙasa mai tsarki, ya bar mulki da ganima da dangi.

Ƙasidar da ya tsara a kan wannan tafiya ita ce masana da dama ke ɗauka a matsayin ƙololuwar fasaharsa. A cikinta ya yi kukan abokansa na gaskiya da suka riga shi tafiya, ya kuma bayyana cewa an bar shi a cikin wasu mutane da suka mayar da jihadi hanyar neman mulki da muƙami, da tara ƙwaraƙwarai da tufafin ado da dawakin kilisa, masu faɗin abin da ba su aikatawa. Ba abokan gaba yake suka ba a wannan karo, nasa mutanen yake yi wa faɗa, alhali shi ne waziri kuma ƙanen shugaba. Kaɗan ne daga cikin masu riƙe da mulki a kowane zamani suka iya rubuta irin wannan a kan gwamnatin da su ne ginshiƙanta.

Da ya isa Kano, a zamanin Sarki Sulaimanu, mutanen birnin suka hana shi wucewa, suka roƙe shi ya koya musu yadda ake gudanar da mulki bisa shari'a. Ya ga cewa abin da ya gudo dominsa yana nan a Kano ma, amma ya amsa roƙonsu. Ya karantar da su tafsirin Alƙur'ani, ya kuma rubuta musu littafin Diya'ul Hukkam, wanda ya yi bayani a kan naɗa shugaba, da haƙƙoƙin talakawa a kansa, da ayyukan alƙalai da sauran ma'aikata. Bayan haka ya janye niyyar tafiya gabas ya koma gida.

Wannan tafiya ta raba rayuwarsa ta rubutu gida biyu. Kafin ta, ya fi ba da ƙarfi ga ƙasida. Bayanta kuwa ya ga cewa kuka a cikin baiti ba zai gyara masu mulki ba sai an rubuta musu ƙa'ida. Daga nan jerin littattafansa masu farawa da kalmar Diya, wato haske, suka biyo baya, kamar Diya'u Ulil Amri wal Mujahidin da Diya'us Sultan da Diya'us Siyasat. A wasu mas'aloli, kamar amfani da laƙabin sarauta da kayan kiɗa da tufafin ƙawa ga shugabanni, ya fi Shehu tsanantawa, kuma kowannensu ya rubuta hujjarsa a littafi cikin ladabi, ba tare da zumunci ya taɓu ba.

Zaman Boɗinga: Tattara Abin da Aka Shuka

Bayan an ci Alƙalawa a 1808, Shehu ya koma Sifawa da zama, Malam Abdullahi kuma ya zauna kusa da shi a Boɗinga, dalilin da ya sa ake kiransa Mai Boɗinga. A wajen 1812 Shehu ya raba kula da ƙasa, ya ba ɗansa Muhammadu Bello gabas, ya ba Abdullahi yamma. A waɗannan shekaru ya jagoranci yaƙe-yaƙe zuwa Dandi da Gurma, har ya tsallaka kogin Kwara, ya kuma tsara baitoci a kan haka.

A shekarar 1813 ya haɗa littafinsa Tazyinul Waraƙat. Ba dukkan waƙoƙinsa ya zuba a ciki ba, ya zaɓi wasu ne daga cikin na Larabci, ya jera su bisa tsarin lokaci, ya kuma gabatar da kowace da bayanin dalilin tsara ta. Da haka littafin ya zama abu uku a haɗe: diwanin waƙa, tarihin jihadi daga bakin wanda aka yi da shi, da kuma tarihin rayuwar marubucin kansa. Mai karatu zai ga yadda murya ɗaya ta tashi daga begen saurayi, ta bi ta kan hujjar mai wa'azi da kirarin mayaƙi, ta sauka a kan nadamar dattijo. Bai ɓoye labarin ficewarsa daga runduna ba, bai kuma cire ƙasidar da ta soki jama'arsa ba.

Wajen shekarar 1816 ya kammala babban tafsirinsa, Diya'ut Ta'awil fi Ma'anit Tanzil, inda sanin luga da balaga da ya tara tun daga diwanin mawaƙa shida ya yi masa rana. Har ila yau bai manta da waɗanda ba su jin Larabci ba, domin ya yi waƙoƙi da Fulatanci da Hausa, kuma daga cikin na Hausa da ake jingina masa akwai Waƙar Sira, a kan tarihin Manzon Allah.

Kalambaina da Kafuwar Jega

Shehu Usmanu ya rasu a Sakkwato a watan Afrilu na 1817, aka yi wa Muhammadu Bello mubaya'a. Da Malam Abdullahi ya iso daga Boɗinga ya tarar an rufe ƙofar gari, sai ya juya ya nufi Gwandu. An sami 'yan shekaru na sanyin dangantaka tsakanin baffa da ɗa. A daidai lokacin ne saɓani ya ɓarke tsakanin Sarkin Musulmi Bello da Malam Abdussalami, wanda ke zaune a Kware, har aka kai ga yaƙi, Abdussalami ya rasu a farkon 1818 sakamakon raunin da ya samu. Ragowar mutanensa suka taru a Kalambaina, kusa da Gwandu, suka yi ƙarfi har Malam Abdullahi ya kasa shawo kansu shi kaɗai.

Wajen 1820 Bello ya kawo masa gudummawa aka ci garin. An ruwaito cewa da suka haɗu, Bello ya yi haramar sauka daga kan doki don girmama baffansa, sai Abdullahi ya yi masa nuni da ya zauna, shi kuma ya gaishe shi a matsayin Sarkin Musulmi. Da wannan aka ɗinke ɓarakar, daular ta ci gaba da tafiya da cibiyoyi biyu, Sakkwato da Gwandu.

Sulhun bai tsaya a gidan Shehu kaɗai ba. Buhari ɗan Abdussalami ya yi mubaya'a, aka ba shi izinin zama da Gimbanawa a wurin da ya zama garin Jega, wanda zuriyarsa ke riƙe da sarautarsa da laƙabin Sarkin Kabin Jega. Kafin ƙarni na 19 ya ƙare, kasuwar Jega ta zama ɗaya daga cikin manyan kasuwannin daular baki ɗaya. Ke nan mutanen da harin da aka kai musu a Gimbana ya zama sanadin hijira, waɗanda kuma daga baya aka yi yaƙi da su, su ne suka gina babbar cibiyar ciniki ta ƙasar Gwandu a ƙarƙashin amanar Malam Abdullahi.

Shekarun Ƙarshe da Rasuwarsa

Bayan Kalambaina, Malam Abdullahi ya sakar wa ɗansa Muhammadu da ɗan wansa Muhammadu Buhari ɗan Shehu yawancin harkokin mulki da na yaƙi, shi kuwa ya koma ga karantarwa da rubutu. A wannan zango ne ya fitar da Kifayatu Du'afa'is Sudan, taƙaitaccen tafsiri a kan ruwayar Warshu, wadda da ita mutanen ƙasar nan ke karatu, domin waɗanda babban tafsirin ya yi wa nauyi. A nan ne kuma ya tsara Albaharul Muhiɗ a fannin nahawu, mai baitoci fiye da 4,000, wanda ya zo ya haɗu da Alhisnur Rasin, mai baitoci kimanin 1,000 a fannin sarfu. Littattafansa na ƙarshe sun fi karkata ga gyaran zuciya da gudun duniya da shirin lahira. Saboda zurfinsa a harshen Larabci ne aka yi masa laƙabi da Balaraben Sudan.

Allah ya yi masa rasuwa a Gwandu a shekarar 1245 ta Hijira, daidai da 1829, kuma a can kabarinsa yake. Nana Asma'u ta yi masa marsiyya da Fulatanci. Ɗansa Muhammadu ya gaje shi, bayansa kuma Malam Halilu, wanda a zamaninsa ne Bajamushen nan matafiyi, Heinrich Barth, ya sauka Gwandu a 1853, ya kuma sami kwafin littafin Tarikhus Sudan a garin, abin da ke nuna irin taskar littattafan da aka bari a can. An buga Diya'ut Ta'awil a Alƙahira a 1961 cikin juzu'i 4, sannan Jami'ar Ibadan ta buga Tazyinul Waraƙat tare da fassarar Ingilishi ta Mervyn Hiskett a 1963.

Kammalawa

Idan aka dubi rayuwar Malam Abdullahi ɗan Fodiyo daga farko zuwa ƙarshe, za a ga fasaharsa ta sha daga wurare huɗu: Alƙur'ani da begen Manzon Allah, tsohon adabin Larabawa, tarbiyyar wansa da sauran malamansa, da kuma abubuwan da idonsa ya gani a ƙasashen Gobir da Zamfara da Kabi da Kano. Bai tsara waƙa don a ba shi doki ko riga ba, bai kuma yi wa wani sarki kirari don neman abin hannunsa ba. Ya yabi malamansa, ya yi kukan abokansa, ya kare haƙƙin mata na neman ilmi, ya kuma gaya wa masu mulki gaskiya a lokacin da shi ma yana cikinsu.

A yau fadar Mai Martaba Sarkin Gwandu da ke Birnin Kebbi tana ɗauke da sunansa, haka ma jami'ar kimiyya da fasaha ta jiha da aka kafa a Aliero a shekarar 2006. Sai dai sanya suna a gini bai isa ya zama riƙon gado ba. Akwai kwafe-kwafen littattafansa da na almajiransa, rubutun hannu, a gidajen malamai a Gwandu da Jega da Aliero da Maiyama da sauran garuruwan masarautar, kuma gara da ruwan sama da gobara ba su san darajar takarda ba. Ana kira ga masu riƙe da irin waɗannan takardu da su adana su da kyau, su kuma ba masana dama su ɗauki hotonsu. Haka nan ana kira ga malaman Larabci da na Hausa da su ƙara himma wajen fassara ayyukansa, domin matasan Jihar Kebbi, wadda ake yi wa kirari da Ƙasar Adalci, su karanta da kansu abin da ya rubuta a kan adalci.

Allah ya jiƙan Malam Abdullahi Mai Gwandu, ya haskaka kabarinsa, ya ba mu albarkacin ilmin da ya bari, amin.